Halattawa ko Ɗage Hukunci? Sharhi a kan Muhawarar Dokokin Karuwanci

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2016 ƙungiyar Amnesty International ta bayyana matsayinta cewa ya kamata ƙasashe su daina hukunta baligai saboda karuwancin da ba a yi da tilas ba. Da maganar ta iso bakin Hausawa sai ta zama "ana so a halatta karuwanci", daga nan kuwa muhawara ta mutu tun ba a fara ta ba. Maƙasudin wannan takarda shi ne ta nuna cewa wannan fassara ta cuɗa abubuwa uku da ba ɗaya suke ba, sa'an nan ta auna hujjojin ɓangarorin da ke jayayya.

2.0 Matsalar Kalma

Kalmar "halatta" daga fiƙihu ta shigo Hausa, kishiyarta kuwa "haramta". Babu majalisar da ke da ikon halatta zina, kuma ba wannan ake jayayya a kai ba. Tambayar ita ce: me hukuma za ta yi da matar da ta riga ta shiga wannan hali? Amsoshi uku ne suka fi fice.

Ta farko ita ce tsarawa, watau hukuma ta yi wa matan rajista. Ƙasar Senegal ta bi wannan hanya tun 1969: macen da ta kai shekara 21 tana iya yin rajista, a ba ta katin asibiti, ta riƙa zuwa ana duba lafiyarta. Ta biyu ita ce ta Suwidin, wadda tun 1999 take hukunta namijin da ya biya, ta ƙyale macen. Norwe ta bi sahu a 2009, Faransa a 2016. Ta uku ita ce ɗage hukunci ɗungurungum, kamar yadda Niyu Zilan ta yi a 2003, da ƙuri'a 60 a kan 59.

3.0 Auna Hujjoji

Tsarin Senegal yana da kyan ji, amma yawancin matan sun ƙi rajista, domin suna gudun sunansu ya shiga kundin hukuma. Sakamakon haka sai aka sami aji biyu: 'yan kaɗan masu kati, da masu yawa da har yanzu ɗan sanda zai iya kamawa.

Masu goyon bayan Suwidin suna cewa karuwanci zalunci ne da namiji mai kuɗi ke yi wa mace mai buƙata, saboda haka mai saye ya kamata a kama. Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma za ta yi daɗi a kunnen Bahaushe, wanda ya saba ganin an kwashe mata an bar mazan da suka zo musu. Sai dai binciken da Amnesty ta buga a 2016 game da Norwe ya nuna cewa 'yan sanda a birnin Oslo sun riƙa matsa wa masu gidajen haya su kori matan, in ba haka ba a tuhume su da kawalci. Ashe dokar da aka ce ta kare mace ce, ita ta bar ta a titi.

Masu ra'ayin ɗage hukunci kuwa sun dogara ga abin da ya biyo bayan dokar Niyu Zilan. Kwamitin da ya duba dokar a 2008 bai sami shaidar cewa yawan masu wannan sana'a ya ƙaru ba. A 2014 wata kotun kare hakki ta can ta ba wata mata diyyar dalar ƙasar 25,000 saboda cin zarafin da mai gidan da take aiki ya yi mata. A da can ba ta da bakin kai ƙara. Haka nan mujallar likitoci ta The Lancet ta buga lissafi a 2014 cewa ɗage hukunci zai iya rage sabon kamu da ƙwayar cutar ƙanjamau tsakanin matan da masu zuwa wurinsu da kashi 33 zuwa 46 cikin ɗari a shekara goma. Amma fa a lura, wannan ƙiyasi ne, ba ƙidaya ba.

Raunin wannan ɓangare yana ga kalmar "zaɓi". Niyu Zilan ƙasa ce mai tallafa wa marasa aiki, kuma ita kanta ta hana baƙi masu takardar zama ta wucin gadi shiga sana'ar. Yarinyar da aka ɗauka daga birnin Benin zuwa Italiya, da bashi a wuya da rantsuwar tsafi a kai, har sai da Oba Ewuare na Biyu ya warware irin wannan rantsuwa a 2018, wane zaɓi ta yi?

4.0 Abin da Tarihinmu Ya Nuna

A nan ne nake ganin ɓangarorin duka sun yi sake, domin suna magana kamar karuwa wata halitta ce ta dindindin. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 a kan Hausawan Sabo ta Ibadan, ya nuna cewa mace kan fita daga aure ta shiga karuwanci, ta sake komawa aure. Renée Pittin ta ga irin wannan a Katsina. Dattawanmu kuma sun san cewa in damina ta yi gardama, akan yi shela cewa matan da ke zaman kansu su yi aure ko su bar gari. Su kan ƙaura zuwa tashar gaba, in ƙura ta lafa su dawo. Korar ba ta taɓa auren dole ba, ba ta taɓa sakin wulaƙanci ba, ba ta ciyar da 'ya'yan da uba ya yi watsi da su ba. An riƙa sharar bakin rafi, an bar mafarin ruwa.

Bugu da ƙari, Shari'a da kanta ta tsananta sharaɗin tabbatar da zina har shaidu huɗu, ta hana binciken asirin mutane, ta kuma tanadi bulala tamanin ga mai ƙazafi. Samamen dare, inda ake tantance mai laifi da irin tufafinta, bai cika ko ɗaya daga waɗannan sharuɗɗa ba.

5.0 Kammalawa

Ba na kira da a kwafo dokar Niyu Zilan ko ta Suwidin, domin kowane gauta da irin ƙasar da yake yi. Kirana ga masana harshe da 'yan jarida shi ne su raba "halattawa" da "ɗage hukunci", don jama'a su san abin da suke ƙi da abin da suke karɓa. Ga masana shari'a kuwa, ina ba da ma'auni ɗaya da za a ɗora kowace doka a kai: in an yi wa wannan mata fyaɗe ko fashi, za ta iya shiga ofishin 'yan sanda ta kai ƙara ba tare da ita ce za ta kwana a can ba? Dokar da ta kasa wannan, ta ba azzalumi lasisi ne, ko da sunan tarbiyya aka kafa ta.