Jinjina ga Masu Ginin Tukwane na Ƙasar Suleja

Tun Suleja tana amsa sunan Abuja, matan Gwari na wannan ƙasa suka yi fice a ginin tukwane. Aiki ne na mai haƙuri. Mace za ta haƙo yumɓu, ta jiƙa shi, ta tsince tsakuwa, ta kwaɓa har ya yi laushi. Ba ta da injin juyi, ita ce ke zagaya tukunyar, tana ɗora yumɓu zobe bisa zobe, tana shafewa da hannu. Kafin ta bushe sai ta zana mata ƙadangare, kunama, kifi ko hawainiya. Ranar gashi a tara itace da busasshiyar ciyawa, wuta kuwa tana iya fasa aikin makonni.

Irin waɗannan tukwane Sarki Sulaimanu Barau ya adana a fadarsa, inda Bature Michael Cardew ya gan su ya yi mamaki. Da Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a garin, Ladi Kwali ta shiga a 1954, mace ta farko a wurin. Ta nuna gwanintarta a Ingila da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, yau hotonta na bayan takardar naira 20.

Amma a hannun ƴar'uwar iyayenta ta koya, kuma akwai ɗimbin irinta da ba a san sunansu ba. Ba don su ba, da gidaje sun rasa randar sanyaya ruwa da tukunyar tuwo, da sana'ar ta bi kakanni kushewa. Sannunku da aiki, iyayenmu, Allah Ya saka da alheri.