4.3 Matsalar Rashin Ƙungiya Tsakanin 'Yan Rawa Masu Zaman Kansu

Idan aka nazarci rawar koroso ta Kano, za a ga cewa ɗaukakarta ta biyo ta hannun gwamnati ne, wato ta bukukuwan nuna al'adu. Tun daga FESTAC na 1977 a Legas, hankalin hukuma ya fi karkata ga 'yan rawar da ta ɗauka aiki. Mai rawa mai zaman kansa, wanda ya dogara da liƙi a gidan biki, ba ya cikin wannan lissafi.

A ganin mai wannan bincike, a nan raunin yake. Ba shi da mai tsaya masa wajen cinikin wasa, kuma idan aka kwaikwayi salon takunsa a fim, babu inda zai kai kuka. Makaɗi ma ya fi shi gata, domin yana da Sarkin Makaɗa.

Saboda haka, buɗe ofis kaɗai ba zai ƙarfafa ƙungiyarsu ba. Kamata ya yi ta fara da abin da suka saba, kamar adashi, sannan ta tsayar da mafi ƙarancin kuɗin wasa, ta kuma buɗe asusun jinya, musamman saboda targaɗe da ciwon gwiwa da kan zaunar da mai rawa watanni.