Need for Speed: Ɗan Riƙon da Aka Tura Aikin Soja

A shagon gem ɗin unguwarmu talabijin huɗu ne. Uku na 'yan ƙwallo ne, kullum a cike, ana ihu ana musun wanda ya fi iya yanka. Ta huɗun, wata tsohuwa mai ƙatuwar ƙeya da aka ajiye a lungu daidai inda hayaƙin janareta ke shigowa, ita ce tamu, mu 'yan mota. A kanta na fara ganin BMW M3 GTR mai ruwan azurfa da shuɗin zane, a kanta kuma aka ƙwace mini ita. Duk wanda ya buga Need for Speed: Most Wanted na 2005 ya san zancen. Za a ba ka motar da ta fi kowace a garin Rockport, ka ɗan ɗanɗana ta, sai Razor ya yi mata zagon ƙasa, inji ya mutu ana tsakiyar tsere, ya yi gaba da ita. A bar ka da 'yan canjin da ba su wuce na Fiat Punto ko Chevrolet Cobalt ba, a nuna maka jerin mutum 15, a ce sai ka kayar da su ɗaya bayan ɗaya kafin ka sake haɗa ido da ɓarawon motarka.

Memori ɗaya gare mu, mu biyar, karo-karo muka yi muka saya. Earl, na tara a jerin, mai Lancer Evolution, shi ya cinye mana kuɗin tara na makonni. Ranar da muka kayar da shi har mai shago sai da ya taso daga kan bencinsa. Bayan kwana uku wani ƙaramin yaro ya zo da naira ashirin ɗinsa, ya danna abin da bai sani ba, ya goge komai. Mun yi masa ca, ya yi kuka, washegari muka koma kan Sonny, na 15, muka faro daga tushe ba wanda ya ce ya gaji.

Na ba da wannan labari ne don kada wani ya ce ban san daɗin abin ba idan na faɗi ra'ayina a ƙasa.

Halin da ake ciki dai ba ɓoyayye ba ne. Na ƙarshe da ya fito shi ne Unbound, a Disambar 2022. A farkon 2025 kamfanin EA ya tabbatar da cewa ragowar ma'aikatan Criterion da ke kula da shi sun koma aikin Battlefield, gem ɗin yaƙi. Wato an kwashi makanikai daga gareji an miƙa musu bindiga. Masoya sun yi ta kumfar baki a intanet, kuma kusan bakinsu ya zo ɗaya a kan magani: a sake ƙera mana Most Wanted da fasahar zamani, shi ke nan, a zauna lafiya. Ni ban yarda ba. Ciwon ba na rashin tsohuwar zuma ba ne. Ciwon ɗan riƙo ne, wanda kowace shekara biyu ake ɗaure masa kaya a kai shi gidan wani.

A duba yadda aka yi ta yawo da shi. Black Box, a Bankuba ta ƙasar Kanada, su suka yi Underground a 2003, Underground 2 a 2004, Most Wanted a 2005, Carbon a 2006, ProStreet a 2007, Undercover a 2008. Shida a shekara shida! Ko jaki aka yi wa irin wannan lodin sai ya durƙusa, kuma duk wanda ya taɓa Undercover ya ga durƙushewar da idonsa. Maimakon a ba su hutu sai aka fara rabon yaro. Slightly Mad suka yi Shift a 2009. Criterion na Ingila suka yi Hot Pursuit a 2010. Black Box suka dawo da The Run a 2011, tsere daga San Faransisko zuwa Niyok, daga nan aka rufe su a 2013. Aka miƙa ragamar ga Ghost Games a Gotenbag ta Suwidin. A 2020 aka karɓe, aka mayar wa Criterion. Shekara ta zagayo aka janye Criterion ɗin su je su taya aikin Battlefield 2042, aka ɗage na motar. Kowane sabon uban riƙo sai ya zo da tarbiyyarsa, kafin yaro ya gane dokar gidan an sake ɗaure masa kaya.

Abin da ya fi nuna wannan shi ne Most Wanted na 2012. Gem ne mai kyau, ina faɗa da babbar murya, gudu a cikinsa kamar iska. Amma ba Razor, ba labari, ba zaman gareji kana sauya bodi da fenti, motoci ma a gefen titi kake tsintarsu a ajiye ka shiga ka ja. Wani gem ɗin tsere ne, Burnout Paradise, aka sa masa rigar wani. Da sun raɗa masa sunansa na kansa da yau ana yabonsa. Sunan da aka ara masa shi ya jawo masa zagin da har yanzu bai ƙare ba.

Zamanin Ghost kuwa shi ne ya fi ba ni takaici, don a nan ne aka kusa. Na 2015 ya zo da kyan gani na ban mamaki, titi jiƙe da ruwa, fitilu na walƙiya a jikin mota cikin dare. Sai aka ɗaure shi da intanet. Ko kai kaɗai kake wasanka sai da layi, kuma babu damar dakatarwa. Wanda ya tsara haka bai taɓa zama a gidan da ake kiran salla ana tsakiyar tsere ba, ko inda uwa za ta ƙwala maka kira sau ɗaya ka san na biyun ba da baki zai zo ba. Payback na 2017 ya gyara wannan, ya ɓata wani wurin. Gyaran mota, wanda shi ne zuciyar abin tun Underground, aka mayar da shi kati. Ba za ka je ka zaɓi turbo ko giya ko birkin da kake so ba, sai dai ka sayi katin da ka tarar a shago, ko ka juya wata na'ura irin ta gidan caca ka jira abin da ta tofo maka, ko ka sa kuɗin gaske ka sayi akwatin da ba ka san cikinsa ba. Cinikin biri a sama ke nan. A watan da ya fito ne kuma rigimar irin waɗannan akwatuna ta tashi a kan Star Wars Battlefront II na kamfanin, dole suka sassauta.

Sai Heat, a Nuwambar 2019. Nan fa suka gano bakin zaren. Da rana ka yi tseren halal a titin da aka killace, ka tara kuɗi. Da dare ka fita na haram ka tara suna, 'yan sanda na ƙaruwa a bayanka, kuma duk abin da ka tara bai zama naka ba sai ka kai kanka maɓoya lafiya. Ga mota ta sha duka saura ƙiris ta watse, ga jiniya ta ko'ina, ga gida can nesa a taswira, zuciya na cewa ƙara tsere ɗaya. Rabon da tafin hannuna ya yi gumi a kan gem ɗin mota irin haka tun Rockport. Ba cikakke ba ne, labarin gajere, 'yan sandan wani lokaci sun wuce gona da iri. Amma tushe ne da za a iya ɗora gini. Wata uku da fitowarsa aka karɓe aikin daga hannun waɗanda suka yi shi, zuwa tsakiyar 2020 an daina ƙara masa komai.

Haka aka maimaita da Unbound. An zage shi saboda hayaƙin zane da fukafukan katun da ke fitowa a jikin mota, ni kuwa wannan bai dame ni ba, gara a gwada sabon abu a sha zagi da a yi ta lasar tsohon kwano. A 2024 ƙaramar tawagar da aka bari ta yi ta ƙara masa kaya, aka dawo da tseren miƙaƙƙen titi, aka ba mutane damar zama 'yan sanda su bi 'yan uwansu, har babur aka sa. Masu zagi suka fara sassautowa. Daidai nan aka busa usur.

To amma mu ma masu kukan, a gaya mana gaskiya, muna da namu. Ka tara masoya goma ka tambaye su mene ne Need for Speed na asali, sai an raba faɗa. Wannan ya ce ai shi ne Lamborghini da Ferrari a titin bakin teku ɗan sanda na bin ka, kamar yadda aka faro a 1994. Wancan ya ce ina, ƙananan motocin Japan ne da fitilar ƙarƙashi da lasifika a but. Ya manta cewa Underground ɗin da yake rantsuwa da shi ko ɗan sanda ɗaya babu a ciki, kuma ya hau guguwar fim ɗin The Fast and the Furious na 2001 ne. A lokacin, tsofaffin masoya kallon ɗan bidi'a suka yi masa. Kowa abin da ya tarar yana ɗan shekara 13 shi yake kira asali.

Shi kansa Most Wanted ɗin da ake wa kallon waliyyi, na koma na buga shi da idon babba. Abokan tsere suna da wata igiyar roba a ɗaure da kai, ka ba su tazarar unguwa guda, kwana ɗaya za ka sha ka gan su a madubi. Garin duk an rine shi rawaya kamar an kalle shi ta cikin kwalbar man gyaɗa. 'Yan wasan kuwa, Razor da Saja Cross, yadda suke zare ido ko a dandalin makaranta sai malami ya ce a rage. Ina son sa a haka. Amma idan aka sake ƙera shi, gyara waɗannan za a yi ko barinsu? Aka gyara mu ce an ɓata, aka bari 'yan yanzu su yi dariya. Ga batun lasisi. Kowace mota da kowace waƙa sai an sake zama da masu ita, Toyota kuma rabonta da manyan fitowar jerin tun kafin Payback. Vic, na 13, ba Supra ɗinsa, wane ne shi? Abin da muke nema a ƙasan zuciya shagon nan ne da hayaƙin janareta da abokai huɗu a bayanka suna cewa taka, taka. Wannan kuwa ba injiniyan da zai iya ƙera shi.

Dubi maƙwabta. Gran Turismo yana hannun Kazunori Yamauchi da Polyphony tun 1997. Forza Horizon yana hannun Playground Games tun 2012, tunani ɗaya suke ta gogewa har ya yi sheƙi. Suna da nasu laifin. Forza na raba motoci kamar alewar suna, ba ka gama sanin wadda ke hannunka ba an watso maka uku, don haka ba wadda ke shiga rai. Babu ɗayansu da ke ba ka jin nan na mai laifi da ƙaramar mota da bashin ramuwa a wuya. Filin a buɗe yake, mai shi ya kulle ƙofa ya tafi yaƙi.

Gaba fa? Ban ga alamar alheri kusa ba. A Satumbar 2025 aka sanar da yarjejeniyar sayen EA a kan dala biliyan 55, asusun zuba jari na Saudiyya da Silver Lake da Affinity Partners ne masu saye, kuma kusan biliyan 20 daga ciki bashi ne. Mai bashi a ka saniyar da ke ba da nono kullum yake wa dusa, wato ƙwallo da Battlefield da The Sims. Kamfanin da ya sayi Codemasters a kan dala biliyan 1.2 a 2021, gidan da ya fi kowa sanin tseren mota a Ingila, shi ne ya dakatar da aikin gem ɗin WRC a 2025. Burnout kuwa tun Paradise na 2008 ake jiran babban magajinsa. Ga wani abin tsoron: a 2021 an cire Carbon da Undercover da Shift da The Run daga kasuwar intanet, an kashe sabar Rivals a Oktobar 2025. Duk ranar da aka kashe sabar na 2015, wanda ba ya tashi sai da layi, me zai rage a hannun wanda ya saya? Masu The Crew na Ubisoft sun riga sun ga amsar a 2024, da aka kashe tasu sabar.

Da za a tambaye ni, buƙatata ba ta da yawa. A ba gida ɗaya, ko da ƙarami ne, ko da na waje ne a ba shi haya, a ce ga fitowa uku a jere, ba mai taɓa ku. Su ɗauki dare da ranar Heat su ɗora. A bar mutum ya yi labarinsa ba layi, ya dakata idan an kira shi. A fara shi da akwalar mota, a sa ya yi gumi kafin ya ga mai kyau. Kuma don Allah a nemo sabon suna, a ƙyale Most Wanted ya huta.

Kwanaki na sa wa ɗan yayata tsohon Most Wanted ɗin a wata kwamfutata da batirinta ya mutu, sai an jona take tashi. Yaron da ya saba da gem ɗin waya, na ɗauka minti goma zai yi ya ajiye. Ran Asabar ina karin kumallo ya shigo ko sallama bai ƙarasa ba.

"Kawu, wai shi wannan Earl ɗin, aljani ne? Na wuce shi tun a gada, ina shan kwana sai ga shi."

Na ce ya koma gareji ya duba tayoyinsa da nitro, kuma ya daina taka birki a kwanar ƙarshe. Ya ce duk ya yi. Na ture kofin shayi na ce miƙo nan. Sau huɗu Earl yana kayar da ni a gaban yaron kafin aka ɗauke wuta.