Zagon da aka tono daga mantuwa: waiwaye kan fim ɗin «Man of Aran»

A bakin gulbin tekun Galway, yamma da ƙasar Irlanda, akwai tsibirai uku da ake kira Aran. Fa ne tsantsa, ba ƙasar noma: a da sai mutane sun haɗa rairayi da ciyawar teku sun shimfiɗa bisa dutse kafin dankalin turawa ya tsira. A ƙauyen Kilmurvey na babban tsibirin ne Ba'amurke Robert Flaherty ya zauna kusan shekara biyu, ya fito da fim ɗinsa a 1934.

Ba a musun kyan hotunan. Wanda ya ga masunta cikin ɗan jirginsu na tsumma da kwalta, igiyar ruwa na ɗaga su tana jefarwa, ba zai manta ba. Ciyawar da matar gida ke goyo a kwando kuwa, har nauyinta mai kallo ke ji.

Amma tsakiyar fim ɗin, wato farautar ƙaton kifin nan da Faransawa ke kira «requin pèlerin», wanda a da ake narka hantarsa don man fitila, sana'a ce da aka bari fiye da shekara 50 kafin zuwansa. Sai da aka sake koya musu jifan zago. Mijin, matar da yaron ma ba iyali ɗaya ba ne. Fuskokinsu ne suka yi masa. Ya sa mutane cikin haɗarin gaske don su kwaikwayi kakanninsu, ya kuma kau da kai daga talaucin zamaninsu da ƙaurar ƴaƴansu zuwa Amurka. A ganina wannan ya fi ƙagen iyalin muni: masuncin 1934 bai ishe shi abin kallo ba.

Mu a nan ba baƙin wannan muhawara ba ne. Jean Rouch, da ke ɗaukar Flaherty uban gidansa a sana'a, ya ɗauki farautar dorina ta Sarkawa a kogin Kwara a 1951. Da ya koma Ayorou a 1954 ya nuna musu aikin, sai suka ce kiɗan da ya ɗora ba ya bisa hanya: dorina na ji ƙarƙashin ruwa, kiɗa zai ƙara mata ƙarfin zuciya. Rouch ya cire kiɗan.