Yadda Ƙwayar Labari Ke Sauya Kama: Misali Daga Magana Jari Ce

A wannan maƙala muna so mu nuna cewa ba lalle ne abin da marubuci ya ɗauko da fari ya zama shi zai ajiye a ƙarshe ba. Misalinmu shi ne Abubakar Imam, wanda a 1936 ya zauna a Zariya wajen Dokta R. M. East yana rubuta Magana Jari Ce.

Ƙwayar littafi na ɗaya aro ce. A tsohon littafin Indiya, Shukasaptati, aku ne ke ba matar wani falke labari kowane dare don ya hana ta fita wajen kwarto. Da Imam ya kawo akun nan fadar Sarki Abdurrahman, sai matar ta ɓace. Wanda ake tsarewa ya zama Musa ɗan sarki, abin gudu kuma makircin Waziri. Wannan sauyi guda shi ya jawo sauran. Tun da gadon sarauta ne ke cikin haɗari, tilas ladar aku ta zama sarauta, watau wazirci. Tun da kuwa ya zama waziri, sai ga shi a littafi na uku yana horon ɗansa Fasih. A ganinmu a nan gargaɗi ya ɗan danne raha.

Irin wannan muke gani ga ɗalibanmu na Yawuri da Ngaski masu rubutu kan tashin Gungawa na 1968: su faro da ruwan Kainji yana cin tsibiri, labarin ya ɓuge da rikicin rabon gona a sabon mazauni.