Yadda Marubuci Ke Kawo Wa Mai Takaba Hujja Har Ɗaki

Masu karatun littafi a Birnin Kebbi da Argungu, ko a takarda ko a waya, sun san irin labarin da ke hana ido barci: miji ya rasu, kowa ya ce kwana ne ya ƙare, matarsa kaɗai ce hankalinta bai kwanta ba. Marubucin da ya iya wannan salo ya cancanci jinjina, domin tun shafin farko shi ya ɗaure kansa da kansa.

Ɗan sanda yana da mota, yana da ikon kiran mutum ya titsiye shi. Mai takaba kuwa wata 4 da kwana 10 za ta yi a gidan mijinta, ba ta fita sai da lalura. To ta yaya za ta yi bincike? A nan gwanintar take. Tunda ba za ta je wurin hujja ba, sai marubuci ya sa hujja ta yi sallama da ƙafarta. Ranar jana'iza an yi shelar duk mai bin mamaci bashi ya fito. Masu gaisuwa na ta shigowa, ranar uku, ranar bakwai, ranar arba'in, kowa da abin da zai suɓuce masa.

A ce mijin masunci ne a Argungu, aka tsinci gawarsa a Matan Fada. Abokin sana'arsa ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Uwargida, sai haƙuri. Da asuba muka rabu, yana shirin shiga ruwa." Alhali tun can baya marubuci ya nuna mana gora da homar mamacin a zaure, yara na wasa kusa da su. Mai karatu ya gani ya wuce. Ita kuwa ta san mijinta bai taɓa fita su ya bar gorarsa ba.

Wannan ɓoyo a bainar jama'a shi ne ƙashin bayan sana'ar. A 1929 wani marubucin Ingila, Ronald Knox, ya jera ƙa'idoji 10 na labarin bincike, ciki har da cewa duk alamar da mai bincike ya gano, dole a nuna wa mai karatu ita. Hujjar da ta faɗo daga sama a babin ƙarshe ha'inci ce.

Zaman gado ma taska ne. Mariyama Ba ta Senegal ta nuna haka a littafinta na Faransanci, Une si longue lettre, na 1979. Ba labarin kisa ba ne, amma a cikin takaba, wajen lissafin abin da mamaci ya bari, basussukan mijin jarumar littafin, Ramatulaye, suka fito fili, har da jinginar da gidan da take ciki domin sama wa amarya wani.

Sai dai mai rubuta wa mutanen Kebbi ya yi hattara. A ƙasar Malam Abdullahin Gwandu, masu karatu sun san cewa sai an biya bashi an fitar da wasiyya ake rabo, kuma tumunin takaba ake ba mata idan mamaci ya bar ɗa, rubu'i idan bai bari ba. Marubucin da ya tafka kuskure a nan, ba za su ƙara yarda da sauran hujjojinsa ba. Wanda ya daidaita fiƙihunsa kuwa, zai iya ɓoye dalilin kisan gaba ɗaya a cikin wannan lissafi.