Mai Tare Hanya: Waiwaye a Kan Wasan Lemmings

Ina yaro na fara buga wasan Lemmings a wata tsohuwar kwamfuta, kuma abin da ya zauna mini a rai shi ne dariyar da yake ba ni. Kwanan baya na sake komawa gare shi, sai na tarar da wata tambaya da ƙuruciya ta rufe mini ido a kanta: wane ne ake sadaukarwa domin jama'a su tsira, kuma wa ya yanke cewa dole ne a yi hakan?

Kamfanin DMA Design na birnin Dundee a ƙasar Sikotilan ne ya ƙirƙiro wasan, Psygnosis kuma ya fitar da shi a shekarar 1991 a kan kwamfutar Amiga. Tsarinsa ba wuya. Wasu ƙananan halittu masu koren gashi da shuɗiyar riga suna faɗowa daga wata ƙofa, su miƙe gaba ba tare da duba abin da ke gabansu ba, ko rami ne ko wuta ko ruwa. Mai wasa ba ya iya juya su yadda ya ga dama. Iyakar ikonsa shi ne ya ɗora wa ɗayansu aiki daga cikin ayyuka takwas: hawan bango, sauka da lema, fashewa, tare hanya, gina matakala, fasa bango, haƙa a karkace, da haƙa ƙasa tsaye. Matakai 120 ne, an kasa su gida huɗu bisa tsanani.

A nan ƙarfin wasan yake. Ya mai da mai wasa makiyayi marar sanda, wanda ba shi da abin yi sai hangen nesa da rabon aiki. Kowane aiki an ƙayyade adadinsa, magini ma tubali 12 kawai yake jerawa ya tsaya. Wanda ya yi almubazzaranci da magina a farko, zai iske ramin ƙarshe babu mai ƙetarar da shi.

Amma wanda ya fi tsaya mini a wannan karon shi ne mai tare hanya. Da zarar an ba shi aikin, sai ya tsaya cak, ya buɗe hannuwa, duk wanda ya zo ya juya baya. Da shi ake tsare taron har magini ya gama gada. Idan kowa ya wuce ya shige ƙofar tsira, shi yana nan a tsaye, domin ba ya iya barin wurin da kansa. Abin da akasarinmu muke yi shi ne mu danna masa fashewa, a ƙirga daƙiƙa biyar a bisa kansa, ya riƙe kai, ya tarwatse. Ina yaro wannan ne wurin dariya. Yanzu kuwa sai na ga ma'aikacin da aka ci moriyarsa aka yada.

Wasan da kansa ne yake sauƙaƙa mana wannan hukunci, domin kowane mataki yana faɗin kaso nawa cikin ɗari ake bukatar a cetar. Da an cika kason, an yi nasara, sauran kuwa ba a tambayar labarinsu. Haka rai yake komawa lissafi, kiɗa mai daɗi yana tashi.

Duk da haka ba zan yanke wa wasan hukuncin rashin imani ba. A cikin dokokinsa akwai mafita: idan aka haƙe ƙasar da mai tare hanya yake tsaye a kai, sai ya saki hannuwa ya bi 'yan'uwansa. Ba kullum kayan aikin suke isa ba, kuma ba kullum wasan yake neman hakan ba. Na shafe dare guda a kan mataki ɗaya ina neman hanyar fitar da shi, alhali na riga na ci matakin. Da na samu, ban ƙaru da komai ba face kwanciyar rai.

Wasan yana da nasa rauni. A matakan ƙarshe sau da yawa dabara ba ta wadatarwa sai an dace da danna linzami a daidai ɗigo guda, kuskure kaɗan ya mai da mutum farko. Wannan gwajin yatsa ne, ba na hankali ba. Haka nan tushen labarin ƙage ne: dabbar lemin ta ƙasashen sanyi ba ta kashe kanta da gangan, fim ɗin White Wilderness na kamfanin Disney na 1958 ne ya ƙara yaɗa zancen da hoton da aka shirya.

Sai dai ƙagen bai rushe darasin ba, domin a wasan ba halittun ne abin tuhuma ba, mai riƙe da linzami ne. Shi aka ba ido, shi aka ba zaɓi. Tun daga wannan dare, duk lokacin da na tsayar da mai tare hanya, sai na fara ajiye masa mahaƙi guda kafin in taɓa sauran ayyukan.